Baitin da Eskingos Ya Ƙi Haɗiyewa

Akwai wani dattijo a Kwarin Gishiri, nan ƙasarmu ta Gol, ana kiransa Eskingos. Duruwid ne, cikin mutanen da ke riƙe mana da shari'a da asalin dangi da iyakokin ƙasa a ka. Shekara ashirin ya yi a kurmi gaban malaminsa kafin a yarda ya buɗe baki cikin jama'a. A wannan karatun, in ka tsallake baiti ɗaya, komawa farko za ka yi.

Ba sa rubutawa. Sun iya sarai, ƙi suka yi, domin a ganinsu da zarar mutum ya dogara da allo, kansa zai yi lalaci.

Ban taɓa jin labarin tsoho mai taurin kai irinsa ba, kuma shi ya sa nake sonsa.

Duk arzikin kwarin marmaro ɗaya ne mai ruwan gishiri. Shi ake dafawa a tukwane har ya daskare, da shi ake gyara naman aladen da ake ci duk tsawon sanyi. In babu marmaron nan, babu garin.

A shekara ta tara da Rumawa suka ci ƙasar, sai ga wani ma'aunin ƙasarsu mai suna Postumiyus, da sanduna da igiyoyi da magatakarda wanda kuma yake masa tafinta. Ya tsaya a bakin marmaron ya sanar cewa duk filin da ba shi da shaida a rubuce na Rum ne, za a raba wa tsofaffin sojoji.

Ya ce, "Ina takardarku?"

Eskingos ya ɗora yatsa a goshinsa. "Ga ta nan."

Postumiyus ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tsoho, takardar taka duk furfura ta cinye ta. Ka ma tuna abin da ka karya da shi da safe?"

"Ban tuna ba, don ba a ba ni ajiyarsa ba. Iyakar kwarin nan kuwa an ba ni."

Barumen ya daina dariya, ya ƙare masa kallo. Ya ce to, nan da kwana huɗu a taru a nan ya ji wannan takarda mai numfashi. In ya kama ƙarya ko guda, washegari zai kafa sandunansa.

Da rana tsaka, ana cikin jiran ranar, sai shugaban garin, Karatillos, ya sami tsohon yana gyaran shingen gonarsa. Ɗan ƙanwar tsohon ne, mutum mai ƙiba da ƙaton zoben zinariya a wuya, mai son a ce ya iya dabara.

"Kawu, sannu da aiki. Wata 'yar magana ce."

"In 'yar ce, faɗe ta a tsaye."

Karatillos ya rage murya. A cikin waƙar iyakar kwarin da tsohon zai rera gaban Barumen akwai baiti na goma sha ɗaya. Baitin yana cewa kakanninmu sun yi rantsuwa da mutanen Dubra, na tsallaken kogi, cewa cikin kowane kwana uku, rana ɗaya tasu ce su dafa gishiri a marmaron. Tun da aka yi faɗa shekara arba'in da suka wuce, ba wanda ya sake tsallakowa, mu kuma muka yi shiru abinmu.

"In ka zo wurin, Kawu, ka wuce kawai. Wa zai sani? Barumen nan ko gaisuwa bai iya da harshenmu ba."

"Ni zan sani."

"Haba Kawu! Kashi ɗaya cikin uku fa za mu rasa. Baiti ɗaya tak!"

Eskingos ya ajiye gatarinsa. "Kai yaro, ina nan aka haife ka, kana ihu kamar ɗan alade. Yau kai ne za ka koya mini inda zan yi tsalle? Mutum bakwai suka riƙe waƙar nan kafin ni, baki zuwa kunne. Akwai wanda aka yi yunwa a zamaninsa, akwai wanda aka ɗora wa takobi a wuya. Ba wanda ya rage ko kalma. Sai ni, don tumbinka?"

Ran Karatillos ya ɓaci. "To ka sani, in ka faɗe shi, ba ka ƙara zama a majalisata."

"Majalisar taka da ba a iya ƙirga kakanninka a cikinta sai an aiko a kira ni? Je ka, kana tare mini rana."

Labari ya bazu. Matan da ke kai masa cuku suka daina. Wasu har cewa suke tsufa ya taɓa shi. Abin ya yi masa ciwo, ba zan ɓoye muku ba, domin yawancin masu zaginsa shi ya raɗa musu suna. Amma ko sau ɗaya bai aika neman sulhu ba.

Ranar ta zo. Gari duk ya hallara a bakin marmaron, hayaƙin tukwane yana tashi. Postumiyus ya zauna a kujerarsa, magatakarda a gefe da alluna na kakin zuma a cinya.

Eskingos ya fito da farin mayafinsa, ya tsaya a kan dutsen iyaka na farko, ya fara.

Muryar ba irin ta tsohon da ke gyaran shinge ba ce. Ya kira sunan wanda ya fara gano marmaron, da macen da ta fara dafa ruwansa. Ya bi duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya, taku nawa ne tsakaninsu, wa ya kafa kowanne, wa ya shaida. Ya gama baiti na tara, ya gama na goma.

Sai ya ɗan tsaya.

Karatillos ya zuba masa ido yana girgiza kai a hankali. Wata tsohuwa ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ka tausaya mana."

Tsohon ya ja numfashi, ya ɗaga murya fiye da dā, yadda har na can baya za su ji. Ya rera baiti na goma sha ɗaya tun daga farko har ƙarshe: rantsuwar da aka yi da mutanen Dubra, da ranarsu ɗaya cikin uku, da takobin da aka lanƙwasa sau uku aka binne a ƙarƙashin dutse na bakwai don kada a sake zare shi tsakanin garuruwan biyu.

Wurin ya kaure da gunaguni. Karatillos ya tofar da yawu ya juya baya.

Postumiyus kuwa ya miƙa hannu, magatakarda ya ba shi wani allo daga ƙasan sauran. Ya ɗaga shi sama.

"Shekaranjiya na tsallaka kogi," in ji shi. "Mutanen Dubra suna da tasu duruwid, wata tsohuwa, Luguselwa. Na sa ta rera mini wannan waƙar, muka rubuta. Na zo nan ne ina jiran ka tsallake rabon maƙiyanka, in nuna wa kowa cewa abin da ke kanku yana bin cikinku ne. Da ka tsallake, da gobe za a kafa sanduna."

Karatillos ya juyo a hankali, fuskarsa ta yi fari fat.

"Amma kada ka yi saurin murna," Barumen ya ci gaba. "Komai ya dace sai abu ɗaya. Kai ka ce takobin yana ƙarƙashin dutse na bakwai. Allona ya ce na biyar. Cikin ku biyun akwai wanda ya manta."

Eskingos ya ce, "Shekara arba'in rabona da Luguselwa, kuma ba na ƙaunarta ko kaɗan. Amma ba ta mantuwa. Ni ma ba na yi. Allonka ne ya yi kuskure."

"Rubutu ba ya kuskure, tsoho."

"Shi ya rubuta kansa? Ku kawo magirbi."

Aka fara da dutse na biyar, don Barumen ya nace. Aka haƙa har ƙugu, ba komai sai tsakuwa. Aka koma na bakwai. Ba a kai gwiwa ba ƙarfe ya bugi ƙarfe. Suka ciro wani dogon takobi da tsatsa ta cinye, a lanƙwashe sau uku, daidai yadda baitin ya faɗa.

Magatakarda ya duƙufa yana duba allonsa, zufa tana keto masa. Can ya ce a hanyar dawowa allon ya sha rana a bayan alfadari, kakin ya narke a wurin, shi kuma ya cike da abin da yake zato.

Daga bayan taro sai aka ji wata murya kamar ana goga tukunya. "Bakwai na ce masa! Sau biyu ma!"

Luguselwa ce, da sandarta. Ashe ta tsallako kogi don ta ga ko Eskingos zai ci amanar waƙar. Ta ratso mutane ta tsaya gabansa.

"Ashe ba ka mutu ba, tsohon banza."

"Ina jiran ki riga ni, in tabbatar an rera asalinki daidai."

Postumiyus ya daɗe yana juya takobin a hannunsa. Mutum ne mai girman kai, amma ba wawa ba ne. Ya sa aka naɗe igiyoyin. Ya ce zai rubuta wa na sama da shi cewa marmaron yana da masu shi, da shaidu biyu waɗanda ba sa ga maciji da juna.

Kafin ya hau doki ya ce, "Bari in bar muku kwafi. Wani zai zo bayana."

Eskingos ya ce, "Riƙe abinka, ka dai kiyaye shi daga rana. Wanda zai zo ya same mu a nan."

Garin ya rasa rana ɗaya cikin uku, kuma sun ji a jikinsu a sanyin shekarar. Amma marmaron bai bar hannunsu ba.

Ranar farko da mutanen Dubra suka tsallako da tukwanensu, Karatillos da kansa ya ɗauko musu itace. Da ya sauke, ya wuce gonar kawunsa, ya tsaya a bakin shinge yana murza zoben wuyansa.

"Kawu… baitin nan. Ko za ka koya mini shi?"

Tsohon bai ko ɗago ba. "Ba a farawa daga na goma sha ɗaya. Zauna. Daga farko."

Darasi: Gaskiyar da ka yanke wa gefen da bai yi maka daɗi ba ta daina zama shaida, ko a ka take ko a takarda. Abin da ya sa aka yarda da Eskingos shi ne ya faɗi har abin da ya cuci gidansu, a ranar da kowa ke roƙonsa ya yi shiru. In an ba ka ajiyar magana, ka mayar da ita cikakkiya, ko da gari duk zai juya maka baya. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, kuma kada ku yanke ko layi ɗaya.