Alhaji Idrisa da Kwandon Shara

Akwai wani falken shanu a Garwa mai suna Alhaji Idrisa. Jikan fatake ne. Yana sayen shanu a kasuwannin kewaye, ya loda su a kamiyo, wato manyan motocin kaya, zuwa Gawundare, can a saka su a jirgin ƙasa su nufi kudu.

Biron nasa, wato ofishinsa, ɗaki ɗaya ne, da fanka ɗaya da odinata ɗaya, wato kwamfuta. Mai zama gaban odinatar ita ce Madam Jeannette, 'yar Figil, Kirista ce, shekararta goma sha ɗaya tana buga masa takardu.

Alhaji yana da wata doka da kowa a biron ya sani. Duk saƙon imel da ya zo da sunan Allah, ba a goge shi. Tun ranar da aka nuna masa hoton kwandon shara a fuskar odinata, aka ce nan ake jefa abin da ba a so, ya ce shi dai ba da hannunsa ba.

Kun san yadda aka rene mu. In ka tsinci takarda mai bisimilla a hanya, ɗauka kake yi ka soke ta a jikin katanga. To haka Alhaji ya ɗauki imel.

Su kuwa abokan cinikinsa, daga Meiganga har Duwala, babu mai rubuta masa ko farashin harawa sai ya fara da bisimilla. Ga hotunan barka da Juma'a. Ga wa'azi na awa guda guda, ga bidiyon saukar karatun 'ya'ya. Shekara tara suna taruwa a ma'ajiyar tsofaffin saƙonni.

Wata safiya cikin watan Afrilu, lokacin da rana a Garwa take dafa ƙwai a kan kwalta, aka loda shanu sittin a kamiyo uku. Abu ɗaya ya rage, takardar lafiyar dabbobi. Likitan dabbobi ya duba su jiya, ya sa hannu, ya turo ta imel, sannan ya kama hanyar Mokolo inda waya ba ta samunsa. Babu takarda, babu wuce shingen jami'ai a hanya. Jirgi kuma gobe da safe zai tashi.

Jeannette ta buɗe manhajar imel. Wani rubutu ya fito: ma'ajiya ta cika, akwatin karɓa ma ya cika. Saƙon yana can yana jira, amma babu inda zai sauka. A buɗe shi a wata na'urar kuma babu hali, don wanda ya haɗa musu imel ɗin ya daɗe da barin gari, kalmar sirrin ta tafi da shi.

Aka kira Nasrullahi, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya karanto ilmin odinata a Yawunde. Shi ke kula da na'urorin biron. Ya shigo yana juya makullin babur a yatsa.

"Madam, ɗan tashi. Wannan ba aikin buga takarda ba ne."

Ta tashi, ta ce a hankali, "Nasrullahi, wata biyu ke nan ina gaya maka wannan rubutun yana fitowa. Ina da wata shawara."

"Riƙe shawararki ta yi sanyi," in ji shi. Ya danna nan, ya danna can, ya yi dariya. "Shi ke nan? Kawu, minti biyu. Zan kwashe tsofaffin nan duka in zuba a kwando."

Alhaji ya riƙe masa wuyan hannu.

"A ina?"

"A kwando, Kawu. Hoto ne kawai fa. Babu shara a ciki, babu ƙuda. Wuta ce da lissafi."

"Kwando suka zana ko akwati?"

"Kwando."

"To wanda ya ƙera abin ya fi ka sanin sunansa."

Sai ga Fulbert, babban direba, ya leƙo yana share gumi da hula. "Patoron, maigida, bijimi ɗaya ya durƙusa a motata. In ya kwanta sauran za su tattake shi."

Nasrullahi ya miƙe tsaye. "Ka ji ko? Kawu, zaɓi ɗaya. Ko barka da Juma'ar shekara tara, ko shanu sittin. Wallahi in aka ji wannan a Yawunde sai an yi mana dariya."

Alhaji ya sake masa hannu. Ya san abin da sauke shanu yake nufi: jirgi ya tafi, dabbobi su rame, abokin ciniki ya nemi wani. Ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Fulbert, in azahar ta yi ba mu samu ba, a sauke su."

"Sai ka kira ni in ka shirya," in ji Nasrullahi. Ya fita ya zauna kan babur ɗinsa a bakin ƙofa yana latsa waya.

Jeannette ta koma kujerarta. Tun ranar da rubutun ya fara fitowa take karanta bayanin da ke cikin manhajar, layi layi, a lokacin cin abincinta. Har ta gwada abin a odinatar majami'arsu. Ba ta dai sami mai saurarenta ba.

"Baba," ta ce, "in tambaye ka. In gafakar Alƙur'aninka ta cika da tsofaffin takardu, yaya kake yi?"

"Sai in sami wata gafakar in mayar da su."

"Babu laifi a wannan?"

"Laifin me? Ai girmamawa ce."

Ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan baƙin diski mai igiya, girman tafin hannu. "Wannan gafaka ce. Zan buɗe sabuwar ma'ajiya a cikinsa, kowace shekara da ɗakinta. Daga nan zuwa nan za su tafi. Ko kusa da kwando ba za su bi ba. Ka zauna ka gani da idonka."

Alhaji ya jawo kujera. Kafin ta fara, ta ɗaga murya: "Fulbert! Ku matsar da motocin ƙarƙashin darbejiya, ku watsa musu ruwa. Awa ɗaya nake so."

Ta fara da shekara mafi tsufa. Ta kama saƙonnin ta ja su zuwa sabon ɗaki. Alhaji yana bin kibiyar da ido kamar mai bin ɓarawo a kasuwa. Ta ja shekara ta biyu, ta uku, har shida. Sannan ta danna wurin karɓar saƙo.

Rubutun ya sake fitowa. Ma'ajiya ta cika.

Dariyar Nasrullahi ta shigo ta taga. "Injiniya Jeannette! Yaya gafaka?"

'Yan uwa, a nan ne wani zai jefar da komai ya ce ku yi yadda kuka ga dama. Ita kuwa ba ta yi haka ba. Ta kurɓi ruwa, ta sake karanta rubutun daga farko, kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Na tuna," ta ce. "Baba, mun sauke kaya amma buhun bai sani ba. Yana nan a buɗe da girmansa na da. Sai an matse shi."

Ta shiga cikin saitin ma'ajiyar, ta nemo wurin da aka rubuta a matse, ta danna. Wani ɗan koren layi ya fito, ya fara tafiya kamar hawainiya.

Minti goma. Minti ashirin. Fulbert ya dawo ya ce sun tayar da bijimin da igiya, amma yanzu wata saniya ce ke haki. Alhaji ya ciro carbi. Nasrullahi ya daina dariya, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe.

Ana cikin haka fanka ta tsaya cak. An ɗauke wuta.

Fuskar odinatar ba ta mutu ba, don akwai ɗan akwatin batir a ƙarƙashin tebur, amma ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Jeannette ta juya.

"Nasrullahi, wannan kai ka san shi. Minti nawa zai ba mu?"

Ya juyo da mamaki. Bai zaci za ta neme shi ba. "Goma sha biyar," ya ce. "In an cire injin buga takarda, ashirin."

"To taimaka mini."

Ya durƙusa da farar shaddarsa a ƙasa ya zare igiyar. Sannan ya ruga gidan mai walda na maƙwabta, ya dawo yana jan janareto shi da Fulbert.

Koren layin ya kai ƙarshe ana saura kaɗan a kira azahar. Jeannette ta kwashe abin da ya cunkushe akwatin karɓa ta mayar ma'ajiyar da yanzu ta sami fili, ta matse akwatin shi ma. Ta dubi Alhaji.

"Baba, kai za ka danna."

Ya ce bisimilla, ya sa yatsa.

Tin! Tin! Tin! Saƙonni suka fara zubowa kamar an buɗe famfo. Arba'in da bakwai. Na uku daga sama, takardar likita ce, da hatiminta da sa hannu.

Fulbert ya yi wani ihu da har mai shayin tsallaken titi ya zubar da madara. Injin bugawa ya tofo takarda uku, kowane direba ya fizge tasa. Kamiyo uku suka tashi suna danna oda, yaran mota suna buga ƙarfe suna kiran "Madam! Madam!" Shanu sittin suka bar Garwa a tsaye, kuma sittin suka shiga jirgi.

Bayan salla Alhaji ya tara duk wanda ke wurin, har mai walda. Ya ce, "Wannan baiwar Allah ba addininmu ɗaya ba. Amma ita ta tsare mini abin da nake tsoron Allah a kansa, ta kuma tsare mini dukiyata. Akwai jar karsana a garkena, tata ce. Daga yau kuma duk abin da ya shafi odinatar nan, ita za a tambaya."

Jeannette ta rufe fuska da gyale. "Baba, ina zan ɗaure saniya a gidan haya?"

"Wannan kuma matsalar Nasrullahi ce, shi zai kai miki ita Figil."

Aka fashe da dariya. Nasrullahi bai yi fushi ba. Ya jawo benci kusa da teburinta, gwiwar wandonsa duk ƙura, ya ciro alƙalami da takarda.

"Madam, don Allah a sake daga farko. A hankali. A Yawunde ranar da aka koyar da wannan ina jin na yi fashi."

Darasi: Kafin ka raina abin da wani yake girmamawa, tambaye shi dalili, wataƙila akwai hanyar da za ta fid da ku duka ba tare da an taka shi ba. Ilmi in babu ladabi hanya ɗaya yake gani, mai haƙuri shi ke gano ta biyu. Kada kuma ka rufe bakin na ƙasa da kai, ba ka san a hannun wa Allah Ya ajiye mafita ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman masu saurin cewa a zubar. Allah Ya ba mu haƙuri da girmama juna.