Injiniya Uzairu da Layar Inna Amsa

Akwai wani bawan Allah a wani ƙauye da ke gefen Makoda, sunansa Uzairu, amma in kana so ya amsa maka sallama da wuri sai ka ce Injiniya. Babu wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna. Ni dai da na bi diddigi, an ce mini shi ya raɗa wa kansa ranar da ya sayi laftof.

Shagon cajin waya gare shi a bakin masallaci, da farantan sola biyu a kan rufi. Ya iya aiki, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya ne. A ganinsa duk wanda bai iya taɓa kwamfuta ba, bai gama zama mutum ba.

To a cikin laftof ɗin nan akwai wani bidiyo da ya fi laftof ɗin daraja.

Baba Gana wani dattijo ne da kakanninsa suka zo daga Barno tuntuni. Wata biyu kafin rasuwarsa ya kira Uzairu ya ce ya biyo shi da waya. Ya zagaye gonarsa da sanda, yana tafe yana haki, yana faɗin iyaka da bakinsa. Kun san gonakinmu na nan, wannan manne da wannan. Taku ɗaya in ka ƙara, ka shiga ta wani. Uzairu ya ɗauka, ya zuba a laftof, daga baya ma ya canza wayar.

Bayan sadakar bakwai sai ga Inna Amsa, yayar marigayin, ta dogaro sanda zuwa shago da 'yar ƙaramar wayarta.

"Ɗan nan, an ce muryar Gana na wajenka. Sa min ita in riƙa ji."

Uzairu ya dubi matasan da ke zaune a benci ya kashe musu ido. "Inna, ke da har yau ba ki san maɓallin amsa kira ba, me za ki yi da bidiyo?"

Aka yi dariya. Ita kuwa ta ƙi tafiya. Don dai ya rabu da ita, ya kwashi foldar Baba Gana gaba ɗaya ya zuba mata a memori.

Ba a yi wata ba wayar ta faɗa kwanon kunu. Ta sake dawowa. Ko ɗaga kai bai yi sosai ba.

"Ta mutu, Inna. A kai ta bola."

Ya zare memorin ya cilla mata, ya faɗi ƙasa. Tsohuwa ta duƙa da ƙyar ta lalubo shi cikin yashi ta tafi.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da rani ya yi nisa aka wayi gari an tone layin gambar da ke iyakar gonar marigayin. Babu wanda ya ga mai tonon. Sai Alhaji Sabiru, maƙwabcinsu a gona, ya ce ai dama iyakar ba nan take ba, kunya ashirin aka ci masa. Ya kawo taki ya zuba. Kuma nan ne ɓangaren da ya fi damshi, inda ake samun dawar da Kaltum, matar marigayin, ke ciyar da 'ya'yanta huɗu.

Magana ta je gaban dagaci. Ya ce a haɗu a gonar ranar Laraba bayan La'asar.

"Ruwa ya kusa," in ji shi. "In babu hujja, wanda ya zuba taki shi zai shuka. Kun kuma san a garin nan ba a tumɓuke shuka. Sai bayan girbi a sake zama."

Wato abincin shekara guda na marayu huɗu.

Uzairu ya miƙe ya bugi ƙirji. "Ranka ya daɗe, hujja tana hannuna. Marigayin da kansa zai yi magana ranar Laraba."

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma laftof ɗin ta ɗan yi nauyi, shi kuma ba ya so ta yi masa gardama a gaban jama'a. Sai ya ƙudurta zai wanke ta tas ya sa mata sabon Windo.

Ranar Litinin ya kwafi kayan cikinta duka a wani filashi da ya saya hannun wani mai yawo da kaya a kasuwa. Ya kira Kamaruddeen, wani mai gyaran kwamfuta a Kano da suka saba, don kawai ya yi masa burga.

"Injiniya," Kamaruddeen ya ce, "kafin ka goge komai, ka buɗe abin da ka kwafa ka ga yana tashi. Ka kuma ajiye a wani wurin na biyu."

"Kai Kamaruddeen, ni za ka koya wa aiki? Na ga sunayensu reras da idona."

Ranar Talata ya wanke ta. Ta fito fes, tana gudu kamar sabuwar amarya za ta gidansu.

Laraba da hantsi ya jona filashin zai mayar da kaya. Foldoji duk suna nan. Ya buɗe ta Baba Gana, ga sunan bidiyon. Ya danna.

Ya ƙi tashi.

Ya sake dannawa. Baƙin allo, sai wani ɗan rubutu da ke cewa ba za a iya buɗewa ba. Ya cire filashin, ya hura masa iska, ya goge a riga, ya mayar. Ya canza rami. Ya yi bisimilla. Shiru.

Kun san abin da ya buɗe a duk filashin nan? Hotunansa ne goma sha ɗaya sanye da baƙin tabarau, da bidiyon wani dambe.

Nan take ya kira Kamaruddeen.

"Inna lillahi. Jabu aka sayar maka," in ji shi. "Irinsu a jiki an rubuta babba, cikinsu ɗan mitsitsi. Abin da ya fara shiga shi kaɗai ke zama, saura suna ne kawai."

"To a cikin laftof ɗin fa? Ba za a iya tonowa ba?"

"Bayan ka wanke ka ɗora sabo a kai? Ka kawo in gwada. Kwana uku aƙalla, kuma ban yi maka alkawari ba."

Uzairu ya ajiye waya. Gumi ya jiƙa masa riga har wando. Ya leƙa waje, sai ya ga gabas ta fara yin baƙi. Iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi.

Ana haka sai ga sallamar Kaltum, da kwanon fura a hannu.

"Injiniya, ga wannan ka jiƙa maƙoshi. Bayan Allah kai muke kallo. Jiya yara sai tambayata suke wai da gaske yau za su ga Babansu yana magana?"

"In... in sha Allahu," ya ce.

Ta tafi. Furar ta gagare shi. Yana zaune yana jin abin da za a faɗa in ya je hannu wofi: an saye shi, Alhaji ya toshe masa baki, ya ci amanar mamaci. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi tsaya masa shi ne fuskokin yaran nan huɗu, da rumbun da zai wayi gari babu komai.

Can sai ga Alhaji Sabiru ya wuce a babur, ma'aikatansa na biye da sungumi a kafaɗa da buhun iri. Ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Injiniya! Sai mun haɗu a silima!"

Aka kira Azahar. Uzairu ya yi sallar da bai taɓa yin mai tsawonta ba. Liman da kansa sai da ya waiwayo. A sujadar ƙarshe ne, goshinsa na ƙasa, ya tuna da wata tsohuwa duƙe tana lalube cikin yashi.

Ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ya rungumi laftof ya nufi gidan Inna Amsa.

Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Ya zube a gabanta.

"Wa nake gani kamar Injiniya?" ta ce ba tare da ta daina ɓara ba. "Yau kwamfuta ta ba ka hutu?"

"Inna, ki yafe min. Na yi ɓarna. Muryar Baba ta goge a wajena. Memorin nan da na... da na ba ki, yana nan?"

"Wanda ka ba ni, ko wanda ka jefo min?"

Ya sunkuyar da kai. Aka yi wata tsawa daga nesa, kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu.

Ta ɗauki lokacinta. Ta karkaɗe zani, ta sa hannu a wuya ta jawo wata 'yar laya ta jan fata, ta yi baƙi don gumi.

"Ga shi nan. Na ga abu ƙarami kamar farce, na ce ɓata zai yi. Sai na kai wa baduku ya ɗinke min. Tunda ba na jin muryar, ai na kwana da ita a ƙirji."

Uzairu ya ji ƙasa na juyawa. Baduku! Basilla! Wata shida cikin zafi da gumi! Ya hango tsinin basillar ya huda memorin ta tsakiya.

"Inna, ba a dai... ba a dai huda shi ba?"

"Oho. Ni na ga ciki?"

Ya miƙa hannu, ta buge shi.

"Hannunka ya gama nasa aikin. Miƙo min reza."

Haka ya durƙusa yana kallo, tsohuwa da hannu mai karkarwa tana yanke zare ɗaya bayan ɗaya, rezar na wucewa dab da inda abin yake. Sama ta ƙara rufewa, iska ta taso da ƙanshin ƙasa.

Fatar ta buɗe. Ciki akwai auduga, cikin audugar akwai leda, cikin ledar ga memori lafiya lau. Ashe badukun ya fi Injiniya sanin ajiya.

Ya sa shi a wayarsa, ya jona da laftof. Ga foldar. Ya kwafa, ɗan layin nan na tafiya kamar hawainiya. Da ya cika, ya rufe ido ya danna.

"Uzairu, ka kunna abin? To biyo ni."

Muryar Baba Gana ce, da hakinsa da tarinsa.

Inna Amsa ta saki rezar. Ta dafa gefen laftof ɗin da hannu biyu, hawaye na bin kumatunta. "Gana," ta ce a hankali. "Ɗan ƙanena."

A nan ne Uzairu ya gane abin da ya jefar a yashi ran nan.

Ana idar da La'asar suka iso gona, shi a gaba, tsohuwa a bayan babur riƙe da memorinta cikin ƙulli. Jama'a sun cika. Ma'aikatan Alhaji har sun jera a bakin kunya suna jiran ɗigon farko.

Aka ɗora laftof a gaban dagaci. Marigayin ya fito a allo, ya tsaya gindin kukar da ke kusurwar gonar, ya ce:

"Gamba ana iya tone ta. Amma daga gindin kukar nan, taku goma sha biyu gabas, na binne dutsen niƙan mahaifiyata. Nan ne iyakata da Sabiru. Shi ma ya sani, don shi ya riƙe min fartanya."

Duk aka juya aka dubi Alhaji.

Dagaci da kansa ya ƙirga takun. Aka sa fartanya. Sara na bakwai ƙarfe ya daki dutse, ƙarar ta kai har bakin hanya.

Alhaji Sabiru ya gyara hula. "Lallai tsufa ya fara taɓa ni. Wallahi na sha'afa."

"To tunda ka tuna," in ji dagaci, "takin da ka zuba ya zama sadaka ga marayu. Allah ya karɓa."

Bai rufe baki ba ruwa ya ɓarke. Uzairu ya cusa laftof cikin riga. Yaran Kaltum kuwa ko gezau, suna ta roƙon a sake kunna musu Babansu.

Washegari, yayin da Kaltum ke shuka dawarta, Uzairu ya kai wa Inna Amsa wata waya, ya zauna ya koya mata maɓallin kunnawa har ta iya. Ya ce mata ya ajiye bidiyon a wuri uku.

"Wuri uku?" ta ce. "To ka buɗe ka ga suna tashi, ko sunayensu ka gani reras?"

Har yau ban san wanda ya kai mata wannan maganar ba. Abin da na sani, yanzu in ka shiga ƙauyen ka tambayi gidan Injiniya, gidan Inna Amsa za a nuna maka. Shi kuwa ya koma Uzairu mai caji, kuma yana amsawa da wuri.

Darasi: Kafin ka goge komai a kwamfuta ko waya, ka ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, ka kuma buɗe ka tabbatar yana aiki, musamman in amanar wani ce. Sannan kada ɗan abin da ka iya ya sa ka wulaƙanta wanda bai iya ba, domin wata rana a hannunsa za ka nemi abin da ka rasa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman injiniyoyin unguwarku.