Kuɗin Watanda a Layin da Ba Nasa Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Mahauci ne, ana ce masa Nomau. Ba mai kuɗi ba ne, ba malami ba ne. Tebur ɗaya gare shi a bakin kasuwa, da wuƙaƙensa, da wani tsohon babur da yake ɗauko nama da shi daga kwata.

Wata rana ya tafi sayen layin waya, domin zamani ya zo da ko mai sayen naman miya sai ya ce a ba shi lambar asusu. Ya isa ofishin kamfani ya tarar da mutane jere har bakin titi, rana na dukansu. Ya tuna ya baro nama a tebur, sai ya juya. A hanya wani mai rumfar waya, Sagiru, ya yafuto shi.

"Sarkin fawa, me zai kai ka wannan wahala? Ga layi an riga an yi masa rajista. Sakawa kawai za ka yi."

"Da sunan wa aka yi rajistar?"

"Ina ruwanka da suna, Baba? Kira za ka yi ko ɗaurin aure?"

Nomau ya yi dariya. Aka taya, aka ce albarka, har suka daidaita a kan Sagiru zai haɗa masa da buɗe asusu a waya, shi kuma ya ƙara masa da tsokar cinya. Sagiru ya ɗauki hoton fuskarsa da na katinsa, ya danna, ya danna, sannan ya ce, "Saura lambar sirri. Sa shekarar haihuwarka."

"Ni na san ta? An dai ce mini shekarar da fāra ta cinye gero ce."

"To, bari in zaɓa maka."

Ya zaɓa masa, ya biya masa har ya haddace. Suka yi musabaha, kowa ya ce Allah ya sa albarka.

Ku saurara, jama'a. Ɗaki nasa ne, amma ƙofar da sunan wani take, makullin kuma wani ne ya ƙera. A haka Nomau ya tafi gida yana murna ya huta da tsayuwa.

To, shi Nomau shi ne mai watandar unguwarsu. Duk ƙarshen azumi mutane kan haɗa kuɗi su ba shi, ya sayo sa, a yanka, ya kasa naman kashi-kashi, kowane gida ya ɗauki nasa na Sallah. Shekara da shekaru yana yi, ba a taɓa cewa kashin wane ya fi na wane ba. A da hannu da hannu ake ba shi. A wannan shekara kuwa sai kowa ya ce, "Zan tura maka." Malamin makaranta ya tura, mai faci ya tura, matan da ke dakau suka ba 'ya'yansu suka tura.

Azumi ya kai ashirin da wani abu, sai wayarsa ta yi shiru. Ba ta kira, ba a kiranta. Da yake a garin ɗaukewar sabis ba baƙon abu ba ne, sai ya ce zai dawo. Ya kashe ya kunna, ya ɗaga ta sama, ya mayar aljihu. Wuni ya wuce, wani ya biyo.

Ranar kasuwar shanu ya tafi kara tare da abokin sana'arsa, Ilu. Suka zagaya har Nomau ya ga wani farin sa mai tozo, ya shafa shi, ya duba haƙora, aka yi ciniki aka sallama. Ya nufi wurin mai cirar kuɗi a bakin kara. Mutumin ya danna na'urarsa, ya sake dannawa, sannan ya ɗago.

"Baba, ai babu komai a ciki. Kuma layinka ba sabis ne ya ɗauke ba. Wanda sunansa ke kai ne ya je ya ce wayarsa ta ɓata, aka ba shi sabo. Duk saƙon asusunka yanzu wurinsa yake zuwa."

Nomau bai yi ihu ba. Ya nemi gindin bango ya zauna, ya yi salati. Da suka koma gari suka biya ta rumfar Sagiru, suka tarar da ita a garƙame. Maƙwabta suka ce tun shekaranjiya ba a gan shi ba.

Ilu ya ja shi gefe. "Nomau, ka ji shawara. Ka yi shiru da bakinka. Saura mutane da yawa ba su biya ba. Ka bi su ka karɓa a hannu, ka sayo ɗan maraƙi, ka ce bana shanu sun yi wuta. Wa ke ɗora kashin watanda a sikeli?"

"Waɗanda ba zan riska ba fa? Lambar nan tana hannun kowa. Yau da gobe turawa za su yi."

"Wannan tsakaninsu da ɓarawo."

"A'a, Ilu. Ni na ba su lambar."

"To je ka tona wa kanka asiri. Daga yau ko kaza babu mai ba ka ka yanka masa."

Kun ji inda jarrabawar take. Asarar kuɗi ta riga ta auku, babu yadda zai yi da ita. Abin da ya rage a hannunsa sunansa ne, kuma shi ma ana ce masa ya ɓoye gaskiya in yana so ya tsira da shi.

Da aka sallame la'asar, Nomau ya miƙe a masallacin unguwa, mutumin da bai taɓa magana a gaban sahu ba. Ya ce, "Jama'a, kada wanda ya ƙara tura kuɗi a lambar da na ba ku. Ɓarawo ya shiga. Abin da kuka tura ya tafi. Gangancina ne, na sayi layin da ba da sunana ba, na bar wani ya zaɓa mini lambar sirri. In an kira ku da lambata, ba ni ba ne. Ku gaya wa matanku a gida. Namanku kuwa yana wuyana."

Can daga baya wani ya ce, "Wato san namu ya shige waya ke nan?" Wasu suka yi dariya, wasu suka fita ba su ba shi hannu ba. Ya sunkuyar da kai ya nemi takalmansa.

A ƙofa ya tarar da Iya Tasallah, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ke riƙon marayun ɗanta. Ta ce, "Ɗan nan, ɗazu aka kira ni da lambarka, wai kana kara, in yi maza in tura. Ina hanyar zuwa wurin mai turawa na ji maganarka ta lasifika." Ta kwance bakin zane. "Ungo. A hannunka nake so."

Washegari ya tafi ofishin masu asusun. Ya nuna katinsa, aka duba fuskarsa, aka toshe asusun. Suka ce za su bi sawun kuɗin, amma kada ya sa rai sosai. Daga nan ya koma wancan jerin mutanen da ya guje wa, ya tsaya a ciki, wannan karon da azumi a bakinsa. Aka ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa, aka ba shi layi da sunansa. Ya dawo ofishin masu asusun aka ɗaura asusun a kan sabon layi. Da aka zo lambar sirri ya fara faɗa da ƙarfi, sai ma'aikaciyar ta toshe kunne.

"Baba, ni ma kada in ji. Danna da kanka. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka, ko ya ce daga wurinmu yake, ka kashe wayarka."

Da ya isa gida ya tsaya yana kallon babur. Matarsa Laure ta gane.

"Malam, da shi fa muke ci."

"Na sani."

"To da me za ka riƙa ɗauko nama?"

"Da kan da nake ɗaukowa kafin in saye shi."

Ta shiga ɗaki ta fito masa da takardun babur ɗin. Ya sayar, ya haɗa da jarin teburinsa da abin da sauran mutane suka kawo a hannu, ya koma kara. Farin san nan an riga an saye shi, sai ya sami wani kusa da shi. Jajibirin Sallah aka yanka, aka kasa, kowa ya ɗauki kashinsa cikakke. Gidan Nomau kai da ƙafa kawai aka kai.

Kada ku jira in ce an kama Sagiru, ko kuɗi sun dawo. Ba su dawo ba. Nomau ya daɗe yana tallabo nama a daro daga kwata, da furfurarsa. Wasu sun janye daga watandarsa, har yau ba su koma ba.

Amma ku lissafa da ni. Sagiru ya sami kuɗi, ya rasa rumfa, ya rasa gari, ko jana'izar danginsa ba ya iya zuwa. Iya Tasallah da ire-irenta sun tsira da guminsu, marayu sun ci naman Sallah. Nomau ya rasa babur da jari, ya sha dariya. Abin da ya rage masa shi ne, da wani azumin ya zagayo, tsohuwar nan ce ta fara sallama a ƙofarsa da kuɗinta a bakin zane.

Saboda haka, 'yan'uwa, amana ba ta tsaya ga kada ka ci ba. Tsare ta ma amana ce. Da yawanmu a nan akwai kuɗin adashe, ko na marayu, ko na masallaci a wayoyinmu, alhali layin da sunan wani yake, lambar sirrin kuma rabin gida sun san ta. Gobe ku je ku tsaya a jerin nan, ku gyara. In kuwa ta riga ta auku, to ka miƙe ka faɗa tun kafin wani ya faɗa ramin da ka faɗa. Kunyar yini ɗaya ce a gaban mutane, ta fi sauƙi a kan wadda za a ji a gaban Allah. Allah ya tsare mu, ya ba mu ikon riƙon amana.