Tsohon Da Ya Ƙi Barin Ƙofar Shagon Tanimu

Akwai wani ɗan kasuwa a Yauri ana ce masa Tanimu. Mutumin Jega ne, nema ya kawo shi bakin ruwa. Ya sayi shago a gefen kasuwa, kan hanyar da ke gangarawa inda jirage ke tsayawa, yana sayar da kayan kamun kifi, su taru da birgi da ƙugiya. Tsaftarsa har ta yi yawa. Ko ɓawon gyaɗa ya gani a ƙofarsa, sai ya bi diddigin wanda ya yar.

Ƙarshen damina, bayan ambaliyar da ta ci ƙauyuka ta wajen Shanga, ya zo buɗe shago wata safiya ya tarar da wani tsoho zaune a kan dakalinsa, ya shimfiɗa buhu, ga sanda ga ɗan kwano.

"Baba, mi kaka yi nan?"

Tsohon ya ce, "Ina jiran mutum, ɗana."

"To, jira shi can gaba. Nan wurin ciniki na."

Tsoho ya ce to, ya ɗan matsa. Washegari yana nan a inda aka tashe shi.

Tanimu ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya nuna masa rumfar masallaci inda babu ruwa babu rana. A banza. Sai ya shiga sheƙa ruwa a dakalin kowace yamma kafin ya tashi. Tsohon yakan tsaya a gefe har wurin ya sha iska, sannan ya mayar da buhunsa. Da safe ma share ƙofar yake yi tas kafin mai shago ya iso.

Abin da ya fi cin ran Tanimu shi ne ya kasa gane mutumin. Ba ya bara yadda aka saba ji. Sai yunwa ta ci ƙarfinsa yake cewa "a taimaka saboda Allah", shi ma ƙasa-ƙasa, cikin jin nauyi. Ranar kasuwa kuwa, wa zai ce masa mabaraci? Ya wanke fuska, ya kaɗe hularsa ya kafa, ya miƙe tsaye yana duba matan da ke saukowa daga jirage ɗaya bayan ɗaya. In jirgin ƙarshe ya tashi, ya cire hular ya zauna.

Wa yake jira? Me ya sa sai wannan ƙofar? Tanimu ya tashi da tambayar, ya wuni da ita.

Ya tambayi Basiru mai shayi. Basiru ya ce, "Kai dai ba ka san su ba! Wani cikinsu ya fi ka gida a ƙauye, bara sana'a ce."

Wata mai bandar kifi ta ce idon ɓarayi ne, ana ajiye irinsu su ga abin da ke shiga shago. Abubakar direba ya ce taɓin hankali ne kawai, ruwa ya tafi da gonarsa ya haɗa da kansa. Har wurin mabaratan ƙofar masallaci Tanimu ya je. Suka ce ba nasu ba ne, sun ma yi masa tayin wuri, don nan ake samu ranar Juma'a, ya yi godiya ya ƙi.

Maƙwabcinsa Jacob, mai gyaran injin jirgi, ya ji shi yana ta wannan bincike. Ya ɗago daga kan injin da yake kwancewa ya ce, "Tanimu, ka tambayi garin nan kaf. Ga mutumin nan a ƙofarka, shi ka tambaye shi mana."

"Ni in zauna hira da mabaraci? Daga nan sai ya ce na zama ɗansa, in ciyar da shi."

Jacob ya yi dariya ya koma kan aikinsa.

Ana cikin haka ciniki ya ja baya. Kowa ya san masunta ba su gama farfaɗowa daga ambaliya ba, amma Tanimu ya ɗora wa tsoho laifin. Ya ce tun da mutumin nan ya zauna masa a ƙofa kasuwarsa ta tsaya. Ya je ya shirya da Abubakar direba, wanda zai kai shinkafa Koko.

Sannan ya zo da fara'arsa, irin wadda tsohon bai taɓa gani ba. "Baba, ana rabon hatsi ga waɗanda ruwa ya ci, can Koko. Ga mota kyauta, tahi ka amso."

Tsohon ya ce, "Ina komowa kahin ran kasuwa?"

"Haba Baba, yau-yau ma."

Wallahi babu wani rabon hatsi. Abubakar ya sauke shi a tashar Koko ya ce ya jira, ya ja motarsa ya yi gaba. Tanimu ya wanke dakalinsa da omo, ya ji iska ta shige shi.

Ranar kasuwa da hantsi, sai ga wata tsohuwa ta hauro daga bakin ruwa tana ɗingishi, tana dogara sanda. Ba ta duba ko'ina ba, kai tsaye ƙofar Tanimu ta nufa. Ta dubi dakalin, ta dubi hagu da dama, sannan ta yi sallama.

"Ɗana, nan ba shagon Alhaji Muhammadu ba na?"

"Ya rasu, Inna. Ni na saye shi."

"Allah shi jiƙan shi. Mai masaukinmu na tun muna da ƙarhi." Ta numfasa. "Sunana Hajara. Ba ka ga wani tsoho ba, Isa, dogo, mai 'yar hurhura a gemu? Maigidana na."

Tanimu ya miƙe da sauri. Ya jawo mata benci, ta zauna ta ba shi labari.

Su mutanen ƙetaren ruwa, ta ce, kowane gida da ƙofar da yake sauka a kasuwar Yauri. Nan suke ajiye kaya, nan suke cin abinci, kuma duk wanda ya ɓace wa nasa, a ƙofar mai masauki ake nemansa, ba a wani wuri ba. Ita da Isa tun aurensu wannan ce ƙofarsu.

Ranar da ruwa ya shigo ƙauyensu, aka sa ta a jirgin mata, shi a wani. Nasu ya bugi itace ya kife. Masunta suka tsamo ta can ƙasa da karaya a cinya, suka wuce da ita Wara wurin mai ɗori. Ba ta da waya, shi ma ba shi da ita, mutanen ƙauyensu kuma kowa ya watse inda ya samu.

"Ana ta ce mini in haƙura, ƙila ruwa ya ci shi. Ni ko na ce in yana da rai, yana ƙohwar Alhaji. Shekaranjiya mai ɗori ya kwance mini kara, shi na na taho."

Jacob yana tsaye a bakin rumfarsa, ya ji komai. Ya miƙo wa Tanimu makullin babur ɗinsa kawai.

Kunya ta rufe Tanimu har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Inna, yana da rai. Zauna nan, kada ki gusa." Ya bar shago a buɗe ranar kasuwa, abin da bai taɓa yi ba, ya kama hanyar Koko.

A tasha aka ce masa, "Tsohon nan? Ai ya roƙi direbobi su mai da shi Yauri, kowa ya ce mabaraci ne, zai ɓata masa kujera. Da ƙafa ya kama hanya."

Ashe ya wuce shi a hanya bai lura ba. Ya juyo a hankali yana duba gindin kowace bishiya. Sai bayan la'asar ya hango shi a ƙarƙashin wata tsamiya, ƙafafu sun kumbura, takalmi ɗaya ya tsinke ya riƙe a hannu.

Da tsohon ya gane shi, sai ya ja baya yana ɗaga hannu. "Don Allah ɗana, kada ka mai da ni. Ba ni ƙara hawan dakalinka, ƙasa zan zauna."

Tanimu ya sauka daga babur ya durƙusa a gabansa, hawaye na zuba. "Baba Isa, ka yahe mini. Inna Hajara ta zo. Tana ƙohwar shago."

Tsohon ya dube shi. Bai yi kabbara ba, bai zage shi ba. Da ya buɗe baki, sai ya ce, "Ta zo, ta iske ba ni nan?"

"E, Baba."

"Wayyo. Tun da na aure ta, ba ta taɓa zuwa ƙohwar nan ta rasa ni ba. Kama ni in tashi, ɗana, mu yi sauri kada ta ce na gaji da jiranta."

Darasi: Ba duk wanda ka gani kwance a ƙofar shago ko zaune a bakin titi ne ka san abin da ya ajiye shi ba. Mun iya yanke wa irin waɗannan bayin Allah hukunci daga nesa, wannan ya ce ɓarawo, wancan ya ce mahaukaci, alhali tambaya ɗaya cikin mutunci ta isa ta nuna mana gaskiya. Kafin ka kori mutum, tambaye shi sunansa da abin da ya kawo shi. Ka tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman masu shaguna, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tambayar.