Gadar da Ɓaidu Ya Ɗauka a Kafaɗa

Tun kafin a san mota a ƙasar nan, an yi wani maharbin dorina a tsibiran babban kogi, Ɓaidu na Kande, mashi ɗaya ba a ƙarawa. Uwarsa Kande ta yi rantsuwa ba za ta sake shiga kwalekwale ba tun ranar da ruwa ya ci mijinta. To, a shekarar babbar ambaliya ruwa ya fara haɗiye tsibirinsu, kowa ya tsere zuwa Gungun Tudu, tsibirin da ruwa bai kai ba, tsohuwa ta ce ita fa tana nan.

Ɓaidu ya tara masunta, ya ce a kafa mata gada da itacen giginya, rabi su faro daga nan, rabi daga can. Kwana tara ana aiki, sai ya ga gada ta karkace ta nufi sama, wajen da ruwa ke gangarowa. Kansa ya ɗaure.

Ya ce da Nomau, sarkin ruwa, "Baba, ga tsibiri can, ina kuma kuka dosa?"

Nomau ya ce, "Yaro, wa ka taɓa gani ya ƙetare kogi a miƙe? Sama ake nufa, ruwa ya sauko da kai."

Ka ji fa! Sun ɗauka gada ma tuƙa ta ake yi. Mutanen can ma haka suka yi, kowa na mamakin ɗan'uwansa. Kafin bakunan biyu su haɗu giginya ta ƙare, saura taku huɗu, ruwa kuwa ya kai ƙofar ɗakin Kande.

Ɓaidu ya shiga ruwa har wuya, ya dafa turaku, aka ɗora masa katako a kafaɗa. Aka riƙo tsohuwa, idonta a rufe don tsoro, ta taka ta wuce. Da ta sauka sai ta ce, "Ina Ɓaidu? Kowa na wahala, shi ya tafi yawonsa ko?" Ashe kafaɗarsa ta riga ta saki, ruwa ya tafi da shi.

Yau gadar siminti ce, ta haɗa tsibirai biyar, manyan motoci na bi. Amma da an zo tsakiya sai ka ga fasinjoji sun ɗaga ƙafafunsu daga ƙasan mota. Baƙo ya tambaya, a ce masa, "Ɗaga kawai, akwai mutum a ƙasa."