Tunau Mai Kiran Sarki

A zamanin da ƙasar da ke tsakanin duwatsun yamma da babban gulbi take kurmi zalla, babu gona babu turba sai sawun namun dawa, an yi waɗansu maharba biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan babban Tunau, ƙaramin kuwa Arzika. Tunau ne ya koya wa ƙanensa riƙon baka, shi ya nuna masa haɗin dafi da bin sawu. Mafarauta suna yi masa kirari da cewa, "Tunau baƙin dafi, mai bin sawu a kan fa, wanda iska ba ta kai warinsa ga nama." Siriri ne mai ƙarancin magana. Arzika kuwa dogo ne kakkaura, mai sakin fuska, inda duk ya zauna sai mutane su kewaye shi.

Shekarar da fari ya tashi ƙauyensu, su biyun suka shige gaba, gidaje talatin da 'yan kai na biye da su, suna neman ruwa. Bayan tafiyar kwana goma sha bakwai suka iske wani tafki mai faɗi, ruwansa garau. Amma wata ɓauna ce ke tsaronsa, ƙahonta ɗaya fari ɗaya ja. An ce in ta yi huci ciyawar gabanta bushewa take yi, kibiya kuwa zamewa take daga fatarta kamar an harbi dutse.

Jama'a suka yada zango nesa kaɗan. Tunau ya shiga kurmi shi kaɗai, ya kwana uku yana bin ta, har ya gane cewa bayan kunnenta na hagu akwai wuri mai taushi da bai fi tafin hannu ba. Da hantsin rana ta huɗu ya sakar mata kibiya daga kan wata ɗorawa. Dafin bai kayar da ita nan take ba. Ta zabura tana tangaɗi, ta nufi zango. Mata suka kwashi yara, maza suka watse, Arzika kaɗai ya tsaya, ya auna ta da mashi. Ta faɗi a gabansa, kowa na gani.

Kafin Tunau ya iso da gudu, an riga an ɗaga ƙanensa a kafaɗa ana zagaya gawar. Ya durƙusa ya zare kibiyarsa daga bayan kunnen, ya ɗaga ta sama. Arzika bai ɓoye komai ba, ya ce, "Gaskiya ne, Yaya ne ya fara harbinta."

Mutane suka ce madalla da Yaya, suka ci gaba da waƙarsu: "Arzika na tafki, mashi ɗaya ɓauna ƙasa, bangon gabas majinginar mata da yara." Wannan madalla ta fi zagi yi wa Tunau ciwo.

Aka feɗe ɓaunar, aka jeme fatar, aka ce Arzika ya hau ya zama sarki. Kafin ya zauna, wata tsohuwa mai ginin tukwane da ake kira Inna Gwamma, wadda ta girmi kowa a ayarin, ta tsayar da shi a gindin wata tsamiya ta sa ya yi alkawari a gaban dattawa. Ba za a ɗaure mutum ba, ba za a kore shi ba, ba za a karɓe gonarsa ba, sai an ji daga bakinsa a gindin wannan tsamiya. Wanda ya ɗaure wani ba a ji shi ba, ko shi wane ne, zai sa marin ƙarfen da ya sa wa mutumin a ƙafa, iyakar kwanakin da wancan ya yi. Arzika ya amsa yana murmushi, don a ranar bai ga abin da zai sa ya ɗaure kowa ba. Haka aka kafa garin Tafkin Ɓauna.

Shekara goma sha tara suka wuce. Gari ya yi ganuwa da ƙofa huɗu, kasuwarsa ta ci har fatake suna zuwa daga nesa. Sarki ya yi dawakai da dogarai da tambari. Aka naɗa Tunau Sarkin Baka, ya karɓa don ba shi da yadda zai ƙi. Kowace safiya sai ya tuɓe takalmi a ƙofar fada, ya durƙusa wa yaron da ya goya a bayansa, ya ce, "Ranka ya daɗe." Maganar takan fito masa kamar yana haɗiyar ƙaya. In an buga tambari, tuwo ya daina yi masa daɗi. Ya san kowane doki da aka kawo wa sarki, ya san wanda ya shiga fada da wanda ya fita, ya san irin rigar da sarki ya sa ranar kasuwa. Babu mai ƙaunar Arzika a garin da ya sa masa ido kamar yadda wansa ya sa masa. Kullum yana jiran ranar da ƙanen nasa zai yi tuntuɓe.

Ranar ta zo ta hanyar wani manomi mai suna Nomau, wanda ke da fadama a bakin tafki yana noman rake da albasa. Sarki ya so wurin don kiwon dawakansa, ya aika a ba Nomau wata gona a tudu. Nomau ya ƙi, ya kuma faɗa a tsakiyar kasuwa cewa ubansa ne ya sare wurin tun ƙashin ɓauna bai bushe ba. Da maganar ta kai fada, sarki ya husata. Dogarai suka kama Nomau, suka sa masa mari a ƙafa, suka kulle shi a wani ɗaki bayan barga. Ba a kai shi tsamiya ba.

Matarsa Tasalla ta bi gidajen dattawa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ta yi haƙuri, sarki mutumin kirki ne, zai huce. Inna Gwamma kuwa ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Ta ce wa Tasalla ita ba ta iya zuwa fada, amma in an samu wanda zai kawo sarki tsamiya, za ta sa a ɗauke ta a kai ta. A rana ta goma Tasalla ta iske Tunau a zaurensa yana gyaran kibau.

"Baba, na gaji da yawo," in ji ta. "Kowa yana son sarki, ba mai son ɓata masa rai. An ce mini kai ba ka tsoronsa."

"Kwana nawa ke nan?"

"Yau goma."

"An ji daga bakinsa?"

"Ko ni ba a bari na gan shi ba."

Tunau ya sunkuyar da kai don kada ta ga fuskarsa. Abin da ya ji a ƙirjinsa ba tausayi ba ne. Wani sanyi ne mai daɗi, irin wanda maharbi ke ji in naman da ya daɗe yana bi ya juyo masa da haƙarƙari. Ya ce ta koma gida, gobe ta zo tsamiya.

Washegari ranar kasuwa ce. Tunau ya tsaya a ƙofar fada da takalminsa a ƙafa, ya ɗaga murya ya ce, "Arzika." Shekara goma sha tara ba wanda ya ambaci sunan nan tsirara. Ya sake kira. A kira na uku, in ji masu ba da labari, fatar babban tambari ta tsage da kanta, tsuntsayen tafki suka tashi gaba ɗaya har suka rufe rana. Dogarai suka jefa masa igiya, ta zame daga jikinsa. Suka sake jefawa, ta sake zamewa. Kasuwa ta watse ta taru a ƙofar fada, har sarki ya ga ba makawa sai ya fito.

"Lafiya, Yaya?"

"Ana nemanka a tsamiya."

Aka ɗauko Inna Gwamma a kan tabarma, dattawa suka zauna, aka kawo Nomau yana jan mari, idon sawunsa duk ya kumbura. Tunau ya faɗi ƙararsa a taƙaice. Sarki ya saurara har ya gama, sannan ya juya ga jama'a.

"Ku duka kun san yayana," in ji shi. "Ba don Nomau ya zo nan ba. Ko sunan 'ya'yan Nomau bai sani ba. Fatar da nake zaune a kai yake so, tun ranar da aka shimfiɗa ta. Za ku hukunta sarkinku a kan maganar mai hassada?"

Jama'a suka yi ta guna-guni, da yawa suna gyaɗa kai. Inna Gwamma ta juya fuskarta wajen da ta ji numfashin Tunau.

"Ɗana, abin da ƙanenka ya faɗa gaskiya ne?"

Tunau yana iya rantsewa cewa ƙarya ne, amma ya san ba wanda zai yarda. Ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Ban taɓa ganinsa a kan fatar nan raina ya yi fari ba. Da ya faɗi yau, da na yi barci mai daɗi."

"Mun ji," in ji tsohuwa. "Wannan ciwonka ne, kai da Mahaliccinka. Arzika, ƙarfen da nake jin ƙararsa, a ƙafar wa yake?"

"Nomau."

"Wa ya sa a sa masa?"

"Ni."

"Wa ya ji daga bakinsa?"

Inna Gwamma ta ci gaba da magana.

"To, baƙin cikin yayanka bai ƙera mari ba, bai kuma kulle ɗaki ba. Shekara goma sha tara da suka wuce ka yi mana magana a gindin itacen nan. Ita muka zo karɓa."

Sarkin dogarai ya dafa takobinsa yana duban ubangidansa. Arzika ya dubi dogaransa, ya dubi taron da ya fi su yawa sau ɗari, ya kuma dubi wansa. Ko tsoron Allah ne ya kama shi, ko lissafin mai mulki ne, masu labari sun saɓa. Ya dai cire rawaninsa ya miƙa wa dattawa. Aka kira maƙeri ya kwance marin, ya yi ta dukansa ƙarfen ya ƙi buɗewa, sai da sarki ya durƙusa ya kama shi da hannunsa sannan ya saki. Aka mayar wa Nomau fadamarsa, aka sa wa Arzika marin, na kwana goma sha ɗaya.

Tunau ya zaci a kwanakin nan shi za a ce ya riƙe gari, tunda shi ne babba a gidan. Dattawa suka ce wanda ya kira sarki ba ya hawa fatarsa, suka naɗe ta suka ajiye, suka riƙa yanke shari'a da kansu. Abin da ya fi wannan ƙona shi kuwa shi ne abin da ya gani a tsamiya. Mata suna kawo wa ɗaurarren sarki fura da nono, samari sun kafa masa rumfa, maroƙa sun ƙara masa kirari: "Arzika da ya ɗaure kansa, zaki mai amsa kira." Har Tasalla ta aiko da rake. Tunau ya tsaya daga nesa yana kallo, ya ga ko a cikin mari ƙanensa ya fi shi jama'a.

Ranar ƙarshe ya matso kusa. Arzika ya ɗago kai.

"Ka sami abin da kake so, Yaya?"

"Ban samu ba."

"Ni ma ban yafe ba."

"Ban roƙa ba," in ji Tunau.

Da aka kwance sarki, Inna Gwamma ta sa aka tsayar da taron. Ta ce ta lura dattawa goma sha biyu sun san halin da Nomau yake ciki, amma ƙaunar sarki ta rufe musu baki, mutum ɗaya ne ya yi magana, shi ma don ba ya ƙaunarsa. Ta ce gari yana bukatar irin wannan ido har abada. Don haka a ba Tunau da zuriyarsa ikon kiran sarki da sunansa zuwa tsamiya duk ranar da aka taka alkawari, kuma ba dogarin da zai taɓa su. Sharaɗi biyu ne. In mai kira ya yi kiran banza, shi zai sa marin kwana uku. Kuma daga ranar, babu ɗan gidan Tunau da zai hau fatar ɓauna, ko da gidan Arzika ya ƙare.

Tunau ya fahimci abin da ake nema ya saki. Shekara goma sha tara yana raye ne da tsammanin wata rana, ko shi ko ɗansa. Ya dubi fatar da aka sake shimfiɗawa, ya ga ƙanensa yana gyara zama a kanta. Ya ga kuma cewa in ya ƙi, gobe zai koma durƙuso yana cewa ranka ya daɗe. Ya miƙa hannu ya karɓi marin da dattawa suka miƙo masa, alamar sabuwar sarautarsa.

Ya rayu shekara ashirin da biyu bayan haka, ya kira Arzika sau huɗu. Sau biyu aka same shi da gaskiya, sau biyu hassada ta ruɗe shi ya sha marin da kansa. Shi da ƙanensa ba su sake cin tuwo a akushi ɗaya ba. Amma a duk tsawon mulkin Arzika ba a sake kulle mutum a Tafkin Ɓauna ba tare da an ji daga bakinsa ba.

Har yanzu akwai sarautar Mai Kira a garin, kuma a gidan Tunau take. Marin yana rataye a zaurensu, ya yi tsatsa amma ƙullinsa na aiki. Mai Kira ba ya cin abincin fada, ba ya karɓar riga ko doki daga hannun sarki, ba ya tuɓe takalmi a ƙofarsa. Ranar da aka naɗa sabon sarki, bayan makaɗa sun gama, maroƙa sun yi shiru, sai ya fito daga cikin taro ya tsaya a gabansa, ya kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa har sau uku. Ba a buga tambari sai sabon sarki ya miƙe tsaye ya ce, "Na'am."