Rubutun da Ke Bayan Ambulan

Akwai wani manomi a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Managil a Sudan, sunansa Abdussalami. Shekara goma sha biyar shi ne shugaban gayya. In ya ce gobe gonar wane za a shiga, babu mai musu. Mataimakinsa Gado ne, amininsa tun suna yara suna tsintar auduga.

Wata damina ana gyaran magudanar ruwa, Abdussalami ya ɗaga buhun ƙasa, sai ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗarsa ta dama. Daga ranar hannun ya ƙi ɗaguwa. Ko jallabiya sai matarsa Maryamu ta saka masa.

Gado ne ya raka shi asibiti a Managil, aka ɗauki hoton ƙashi. Da aka shiga da Abdussalami don a yi masa allura, likita ya yi wa Gado bayani, ya yi rubutu da Turanci a bayan ambulan hoton.

A mota Abdussalami ya ce, "Me likita ya ce?"

Gado ya ce, "Ya ce lafiyarka lau. Babu karaya, babu gocewa."

Da suka iso, Gado ya zaro hoton a gaban majalisa, ya ɗaga shi saitin rana. "Ku duba da idonku, jama'a. Ƙashi garau!"

Shi ke nan fa. Magana ta bazu cewa an gama nome wa Abdussalami gonarsa, shi ne ya ƙirƙiro ciwo don kada ya rama. Har wasu ke kwaikwayon yadda yake riƙe hannu. Ba a yi wata ɗaya ba aka ba Gado shugabancin gayya. Da kaka ta zo, aka tsallake gonar Abdussalami, dawarsa na tsaye tsuntsaye na shagali.

Wallahi abin ya ci masa rai, har ya fara zargin kansa. In hoto ya ce lafiya, to shi me yake ji?

Maryamu ce ta gaji, ta tasa shi gaba sai asibitin birnin Madani. Suka dace da wata likita Bahaushiya 'yar garin Abu Hujar, Dakta Hanan. Ta ce a yi sikanin.

Abdussalami ya zaro ido. "'Yata, wannan ba na mata masu ciki ba ne?"

Ta yi dariya. "Baba, hoton da aka yi maka ƙashi kawai yake gani. Abin da ke ɗaga hannu jijiya ce da ta riƙe tsoka da ƙashi, ita kuma sikanin ke nuna ta."

Ta shafa masa mai, ta ɗora na'urar, ta nuna masa wani baƙin gibi a allo. "Ga ta nan, ta yage. Sai an yi MRI a Khartoum a ga iya nisan da ta ja baya."

Sannan ta juya tsohon ambulan, ta tsaya cak. "Baba, me ya hana ka zuwa tun wata huɗu? Ga shi likitan Managil ya rubuta a yi sikanin da gaggawa. Har ya rubuta ya yi wa ɗan rakiya bayani."

Abdussalami ba ya karanta Turanci. Wata huɗu ambulan ɗin na ƙarƙashin katifarsa.

Ranar gayyar yankan dawar Gado, mutane sun taru da lauje, mata sun sauke tukwane, sai ga Abdussalami da ambulan a hannun hagu.

Ya ce, "Gado, tsakaninka da Allah, likita ya faɗa maka abin da ya rubuta a nan?"

Gado ya sunkuyar da kai.

"Da shugabancin ka tambaye ni, wallahi da na ba ka. Hannuna fa, Gado? Hannun da muka ci tuwo da shi a kwano ɗaya?"

Maryamu ta faɗa wa jama'a abin da Dakta Hanan ta karanta. Wani dattijo ya saɓa laujensa ya nufi gonar Abdussalami, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Gado da tukwanen abinci babu mai ci.

Sun ceto abin da tsuntsaye suka rage. Amma a Khartoum hoton MRI ya nuna jijiyar ta ja baya sosai, ɗinki ba zai mayar da ita yadda take ba. Har yau in Abdussalami zai yi kabbara, hannun dama a ƙirji yake tsayawa.

Darasi: Don hoto ɗaya bai nuna ciwo ba, ba ya nufin babu ciwo, kada ka ƙaryata mai jin zafi. In kuma ka raka mara lafiya wajen likita, maganar da aka faɗa maka amana ce, ka isar da ita yadda take. Tura wa wani, wataƙila akwai mai ambulan a ƙarƙashin katifa.